Wake Biyar a Gwangwanin Madara

Salama a gare ku, 'yan'uwana, cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya yi haƙuri da ni har na kawo yau.

Ni ce Laraba, wadda yaranku ke kira Kakar Ƙofa. Ban taɓa shiga aji ba, ban san baƙi ba. Malama Rifkatu ce ke rubuta wannan a teburin kicin ɗinmu a Landover, na kuwa gaya mata in ta sa wa maganata zuma zan gane ranar da aka karanta.

Kun san ni. Shekaru ina tsaye a bakin ƙofar majami'armu ta Takoma Park. Na san wanda ya makara, na san wadda siket ɗinta bai rufe gwiwa ba, cingam ɗin da na ƙwace a bakin 'ya'yanku zai cika kwano. Amma akwai shekara biyu da farantin Jibin Ubangiji ke zuwa gabana, in miƙa wa na kusa da ni ban ɗauka ba. Waɗansu suka ce ciwon suga ne. Na bar su suka ce. Yau zan faɗi abin da ya hana ni, don na gaji da ɗaukarsa.

'Yata Hannatu ce ta kawo ni nan Amurka daga ƙauyenmu na ƙasar Katsina, in riƙe mata yara, ita da mijinta suna aikin asibiti. Babban ɗanta Iliya yana da shekara tara lokacin. Ranar farko da na sa masa tuwo ya miƙo hannun hagu. Na ɗauki ludayi na buge hannun. Washegari ma haka. Shekara uku ina bugun hannun nan, ya koyi ci da dama in ina kallo, in na juya baya ya koma gidan jiya.

Wannan hannun da na sha bugu, shi Turawa suka biyo har falonmu da takardu.

Wasan nasu ana ce masa besbol. Ɗaya ya jefa ƙwallo, ɗaya ya tare da sanda. Ashe jifan bahago yana rikita masu sanda, don haka ake nemansu kamar magani. Iliya ya gama jami'a, a shekarar da baƙar fata ya fara hawa mulkin ƙasar nan, babbar ƙungiyar birnin nan ta ɗauke shi. Na ɗauka shi ke nan, an isa. Sai aka ce mini a'a, abin hawa-hawa ne kamar bene. Babbar ƙungiya tana can sama, a ƙarƙashinta akwai ƙanana a ƙananan garuruwa, kowa daga ƙasa yake farawa.

Tun yana yaro muna da al'ada, ni da shi. Duk tafiyar da zai yi, sai ya durƙusa a gabana, in ɗora hannu a kansa in yi masa addu'a. Yana jin Hausa sarai, amma in zai amsa sai ta fito masa a karkace. Ni ina ce masa Maigida, shi yana ce mini Amarya, yana cewa zai sake ni ya auro mai haƙora. Ko da ya yi gemu, ya fi ƙofa tsawo, bai taɓa ɗaukar jaka ya fita bai durƙusa ba. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Shekara ɗaya, biyu, huɗu. Bas daga wannan gari zuwa wancan, kwana a ɗakin mutanen da bai sani ba, abinci na leda. In sanyi ya shigo ya dawo gida a rame, ya kama aikin ɗaukar kwali a wani kanti a Wheaton, in zafi ya matso ya sake ɗaura jaka. Sa'o'insa sun yi aure, waɗansu har da goyo. Matan zumunta suna tambayata, “Yaya ɗan wasanmu?” Ni kuwa na san irin murmushin da ke bayan tambayar, don ni ma na sha yi wa wasu shi.

Muna da maƙwabci, Malam Isufu, mutumin Maraɗi, direban taksi, Musulmi mai kirki. Yini yake da rediyon wasan nan a kunne, ya san shi kamar a ciki aka haife shi. Wata Asabar ya kai ni da Hannatu wani ƙaramin gari mu ga Iliya, tafiyar awa uku. Na zauna a rana ina neman jikana a fili, babu shi. Malam Isufu ya nuna mini can ƙarshen fili, wani shinge kamar garken awaki, samari bakwai a kan benci suna ɓare wani iri kamar agushi suna tofar da ɓawo. Ya ce su ne 'yan ko-ta-kwana. Ba su ke fara jifa ba. Sai wanda ya fara ya gaji ko abu ya cakuɗe masa, koci ya buga waya zuwa shingen, a tashi ɗaya ya je ya kashe wutar. Iliya kuma, tun da bahago ne, sau da yawa mutum ɗaya tak ake kiransa ya jefa wa, ya koma.

Can wajen la'asar wayar ta yi ƙara. Iliya ya miƙe, ya cire riga ta sama, ya yi ta jifa a gefe har gumi ya jiƙa shi. Na gyara ɗaurin kallabina. Wayar ta sake ƙara. Ya mayar da rigarsa ya zauna. Aka tashi wasa.

Da muka haɗu na ce, “Maigida, aikin ke nan? Awa uku na sha a mota in ga ka cire riga?”

Ya yi dariya ya ce ranar da ba a buƙace shi ba rana ce mai kyau ga ƙungiya. Ban yi dariya ba.

A ranar ya gabatar mini da abokin ɗakinsa, Ramon, ɗan Benezuwela, shi ma bahago. Na sa masa Dogo. Sanyin shekarar nan bai samu komawa ƙasarsu ba, a falonmu ya kwana wata biyu. Ya ci tuwona da miyar kuka har yana lashe yatsu. Shi ma na buge masa hannu da ludayi, ya yi ihu kamar an yanka shi, gida ya kwashe da dariya. Ya nuna mini hoton uwarsa, wata gajeruwa mai furfura kamar ni. Kaka yake kirana. Da zai tafi ya ga Iliya ya durƙusa, shi ma ya durƙusa. Na ɗora hannu a kansa. Ku ji da kyau, da wannan hannun nawa na sa masa albarka.

A shekara ta shida Iliya ya kai hawan da ke dab da na sama, ya maƙale a nan. Wata rana na tare Malam Isufu a matakala na ce ya faɗa mini gaskiya, yaya ake hawa na ƙarshen? Ya ce, “Inna, a sama bahagwai biyu kawai suke ajiyewa a shingen. Yanzu akwai biyar a gaban ɗanku. Sai an sayar da wani, ko an sallame shi, ko hannunsa ya lalace, sannan layi ya matsa.”

Na shiga kicin na ɗebi ƙwayar wake biyar, na zuba a tsohon gwangwanin madara. Allah ya sani, da farko don kada in manta lissafin ne, tun da ba na rubutu. Na sa Malam Isufu ya nuna mini hotunansu a wayarsa, na ba kowane mutum wakensa. Mai baƙin ido shi ne wani tsoho mai gemu. Mai tsaga shi ne wani ja mai ƙiba. Doguwar ƙwayar kuwa Dogo ce, don ya riga Iliya a layi.

Sannu a hankali gwangwanin ya tashi daga kicin ya koma gefen gadona, daidai inda nake durƙusawa da asuba.

Ban taɓa cewa Ubangiji ya karya kowa ba. Ni mai wayo ce. Cewa nake, “Ya Uba, ka buɗe wa Iliya ƙofa.” Amma gwangwanin yana hannuna ina faɗa, na kuwa san da me aka yi ƙofar.

Aka sayar da na farko, na cire wake ɗaya na ajiye a bakin taga. Aka sallami na biyu. Sai wata rana Malam Isufu ya ce kafaɗar mai gemun nan ta yage, yana da 'ya'ya uku, da wuya ya dawo. Na cire wakensa. Lahadin nan na ba da baikon godiya, na yi rawa zuwa gaba, wasunku sun gan ni.

Amma da farantin Jibi ya iso gabana, hannuna ya ƙi tashi. Abin da na tuna shi ne ubana. Kafin bishara ta shigo gidanmu, yana da wata tukunya a bayan rumbu, in yana da abokin gaba sai ya sa tsakuwa a ciki ya yi ta magana a kanta. Ina da shekara goma sha biyu aka fasa tukunyar nan a gaban jama'a, muna waƙa. Ga ni da furfura, a Amurka, na sake gina ta da gwangwanin madara.

Na sani. Kada wani ya ce jahilci ne. Na sani, ban daina ba. Na zaɓi in bar Jibin da in bar gwangwanin.

Shekara ta takwas, aka ɗaga Dogo sama. Iliya ya kira ni yana murna kamar shi aka ɗaga. Sannan muryarsa ta sauka, ya ce ya kusa talatin, ya gaji da bas, in bana ba a kira shi ba zai ajiye.

Saura wake biyu, duka suna sama, ɗaya kuwa dole ya fita. Na duba su. Ɗayan ya daɗe, ya kafu, ba mai motsa shi. Na ɗauki doguwar ƙwayar, na dunƙule ta a tafin hannuna, na shiga azumin kwana uku.

Bayan sati biyu, ranar Lahadi da yamma, mun dawo daga sujada, Malam Isufu ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ya ce yanzu ya ji a rediyo, Ramon ya yi jifa ɗaya ya kama gwiwar hannunsa ya tsuguna, sun ce jijiyar ta tsinke. Yana faɗa yana salati.

'Yan'uwana, guɗa na yi. Na ɗaga hannu na kama waƙar yabo a bakin ƙofa. Malam Isufu ya dube ni, ya dube ni, ya sa takalminsa ya tafi bai yi sallama ba.

Washegari da hantsi Iliya ya shigo da jaka. An kira shi sama, filin wasan kuma ba nisa da gida, ya biyo a sa masa albarka. Idonsa ja wur, bai yi kama da wanda ya samu abin da ya nema shekara takwas ba. Ni kuwa farin ciki ya rufe mini ido. Na jawo shi ɗaki na ce ya zo ya ga aikin kakarsa. Ni da kaina na nuna masa. Ga gwangwani da wake ɗaya a ciki, ga huɗu a jere a bakin taga. Na bayyana masa komai, ina alfahari.

Ya nuna doguwar ya ce, “Wannan wa?”

Na ce Dogo ne.

Ya ɗauke ta ya juya a hannunsa, ya ajiye a hankali kamar ƙwai. Bai ce Amarya ba. Ya ce, “Kaka, kada ki ƙara sa sunana a addu'arki.”

Ya ɗauki jakarsa. Na tsaya a tsakar falo inda na saba tsayawa, hannuna a miƙe. Ya wuce ni ya ja ƙofa.

A satin nan ya yi jifa a babban fili gaban dubban mutane. Hannatu da mijinta sun je. An ce mutum ɗaya aka kira shi ya jefa wa, ya fitar da shi da jifa huɗu, jama'a suka tashi tsaye. Kun yi ta kirana kuna taya ni murna. Ina amsawa ina kallon bango.

Sati biyar bai kira ni ba. In na durƙusa da asuba bakina ya bushe. Shekara ashirin addu'ata da sunansa take farawa, an cire sunan, sai na ga ban san hanyar shiga ba. Abinci ya fita raina. Gwiwoyina suka kumbura. Ban taɓa jin gajiya irin wannan ba, ko lokacin da nake surfe da goyo.

Wata Talata da rana na zo majami'a wanke ƙananan kofunan Jibi, don ko da ba na sha, ni ke wankewa. Ba kowa sai ni. Ina cikin jera su sai na zube a gaban benci. Na ce, “Ya Yesu, yaron ya hana ni ambatonsa, kuma yana da gaskiya. To wa ya rage mini?”

Ba murya na ji ba. Fuskar gajeruwar matar nan ta cikin hoto ce ta zo mini, uwar Dogo. Na ga ita ma tana da inda take durƙusawa.

Na buɗe baki na ce Ramon. Sunan ya fito da ƙyar kamar ƙaya. Na ce na yi zunubi, na so mugun abu ga ɗan da ya ci tuwona, na mai da addu'a tsafi, ka gafarta mini, ka warkar da hannunsa ko da nawa jikan zai koma ƙasa. Da na faɗi wannan na ƙarshen, wani abu da ya daɗe a ƙirjina ya sauka. Haleluya! Ubangiji bai tashi ya bar ni a wurin ba.

Na je na faɗa wa Fasto duka. Ya ce, “Mama, ba ke kika tsinka jijiyar ba, Allah ba ɗan aikenki ba ne. Amma abin da kika so, naki ne. Ki je ki same shi.” Ya ce a kawo waken a ƙone. Na ce wake bai yi laifin komai ba, na mayar da su buhu.

Na hau sama wurin Malam Isufu na ba shi haƙuri a kan abin da ya gani. Na roƙe shi ya koya mini sunayen duka biyar ɗin. Kwana huɗu harshena yana tuntuɓe kafin na iya. Sannan ya kai ni inda Dogo yake jinya bayan tiyata, wani masauki a ƙetaren kogi. Na tafi da alale a kula.

Wanda ya buɗe ƙofa Iliya ne. Ashe kullum da safe nan yake zuwa kafin ya wuce fili. Ya tsaya ya tare hanya. Na ce ba wurinsa na zo ba, amma tun da yana nan shi zai yi mini tafinta, in kuwa ya rage kalma ɗaya Malam Isufu yana jin Turanci.

Dogo yana kan kujera, hannun hagu cikin wani ƙarfe daga kafaɗa har wuyan hannu. Ya ga ni ya washe baki, “Kaka!” Na durƙusa a gabansa da waɗannan gwiwoyin. Na faɗi komai, gwangwani, azumi, doguwar ƙwaya. Iliya yana juya masa da Turanci.

Dogo ya saurara har na gama. Sannan ya ce duk yaron da ke cikin bas ɗin nan yana lissafin waɗanda ke gabansa, shi ma ya yi, ba abin mamaki ba ne. Sai ya tambaya, ranar da na ji labari, me na yi?

Iliya ya dube ni, idonsa yana roƙona in yi shiru. Na ce ya faɗa masa na yi guɗa, na yi waƙa.

Dogo ya sunkuyar da kai. Can ya jawo kular, ya buɗe da ƙyar, ya gutsuri alalen da hannun dama ya kai baki. Ya ce wani abu. Iliya ya ƙi fassara mini sai da na matsa masa.

“Ya ce, Kaka, kin ga yanzu da dama yake ci, ba sai kin ɗauko ludayi ba.”

Rabon da in yi kuka tun ranar da aka binne mijina. A nan na yi, a ƙasan ɗakin mutane, da majina da komai. Dogo ya bar ni na yi ya ishe ni. Sannan ya matso da hannun nan mai ƙarfe ya ce in ɗora nawa in yi addu'a, amma da ƙarfi, yana so ya ji sunansa a ciki. Na yi.

Zan so in ce muku hannun ya dawo kamar da. Bai dawo ba. Ya yi shekara biyu yana ƙoƙari, bai sake hawa sama ba. Yana ƙasarsu yana koya wa yara jifa. Duk Kirsimeti yana kira, ba na jin yarensa ba ya jin nawa, mu yi ta Kaka, Dogo, Kaka, Dogo, har mu gaji. Wannan nauyin ban ce Allah ya ɗauke mini shi duka ba. Ya dai ba ni ƙarfin ɗauka.

Ranar nan Iliya bai durƙusa ba, ban kuma nema ba. Bayan kwana goma sha biyu ƙungiya ta sayo wani bahago, aka ce Iliya ya koma ƙasa. Haka ya yi ta yi shekara uku, a ɗaga shi a sauke shi kamar guga, har kafaɗarsa ta ce ya isa. Amma a wannan saukar ta farko ya biyo gida da jakarsa. Ina yankan kuɓewa. Ya tsaya a bakin kicin ya daɗe, sannan na ji gwiwoyinsa sun bugi ƙasa.

Ya ce, “Amarya, sa hannu, bas zai tafi ya bar ni.”

Na goge hannuna a zane. Na ce, “Maigida, me zan roƙa? Ka faɗa mini, don na ga ban iya zaɓa ba.”

Ya ce in roƙa kowa ya koma gida da hannunsa.

Abin da na roƙa ke nan, shi nake roƙa har yau, da sunaye shida. Lahadin da ta biyo farantin ya zo gabana, hannuna ya tashi, na ɗauka na ci na sha. Yabo ga sunan Yesu!

Na gode wa Allah da bai biya ni daidai da abin da na so wa 'ya'yan wasu ba. Na gode masa da ya dawo mini da kan jikana ƙarƙashin tafina, ranar da aka sauke shi, ba ranar da aka ɗaga shi ba.

Ku da ke jiran takardun zama, ku da ke jiran a ƙara muku matsayi a wurin aiki, ku da 'ya'yanku ke layi a bayan 'ya'yan wasu, na san yadda jira ke cin mutum. Na yi shekara takwas a ciki. Ku dogara ga Ubangiji, ya san layin, ba ya buƙatar ku riƙe masa lissafi. In kun koma gida yau ku duba gefen gadonku, ku ga abin da kuka ajiye a inda kuke durƙusawa.

Gwangwanin yana nan, allura da zare nake sawa a ciki. Ranar Lahadi kuma ina bakin ƙofa kamar kullum, wanda ya makara zan gan shi.

Alherin Ubangijinmu Yesu ya zauna da ku duka. Amin.